Na saya wa mahaifina wayar shafa amma ya ajiye ta: yaya zan saita ta domin ta yi masa sauƙi?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan waya, musamman waɗanda suka taɓa saita wa iyayensu ko kakanninsu irin wadda ake shafa fuskarta da yatsa.

Mahaifina ya ba shekara 70 baya, kuma ya fi shekara 15 yana riƙe da ƙaramar waya mai madannai, wadda ya san ta kamar yunwar cikinsa, domin ko cikin duhu ne yana iya lalubo madannin amsa kira, ya kunna tocila, ya kamo tashar rediyon da yake so ba tare da ya nemi taimakon kowa ba. A watan jiya ƙanwata da ke aure a Fatakwal ta haihu, shi kuma jikinsa bai ba shi damar yin wannan doguwar tafiya zuwa suna ba, sai ni da 'yan'uwana muka haɗa kuɗi muka saya masa babbar waya ta Android, da nufin ya riƙa ganin jikokinsa ta kiran bidiyo duk lokacin da ya so. Ranar da muka miƙa masa ita ya yi murna ƙwarai, ya sa mana albarka. Amma yau mako uku ke nan wayar tana kwance cikin kwalinta, ya koma ga tsohuwarsa, kuma bai ce da kowa uffan ba sai da na tambaye shi.

Abin da ya fi damun sa shi ne amsa kira. Idan wayar ta yi ƙara yakan danna koriyar alamar kamar yadda ya saba danna madanni, ita kuwa jan ta ake yi, har kiran ya tsinke bai amsa ba. Sau biyu abokansa na masallaci suka yi masa ƙorafin cewa ya daina ɗaukar kiransu, wannan kuwa ya yi masa nauyi matuƙa. Rubutun ma ya yi masa ƙanƙanta duk da yana sa tabarau. Idan ya ɗora yatsa a kan alamar wata manhaja yakan ɗan jima bai ɗaga ba, sai alamar ta biyo yatsan ta sauya wuri, wata rana ma ta ɓace gaba ɗaya. Hasken wayar yana ɗaukewa tun bai gama duba abin da yake nema ba, idan kuma ya sa ta a aljihun gaba sai ta kira mutane da kanta. Datar wata guda da na saya masa kwana biyar ta yi ta ƙare, alhali bai kalli komai ba.

Baba ba ya jin Turanci, boko kuma a hankali yake karanta shi, amma ajami da Larabci yana karanta su kamar ruwa, domin ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi. Buƙatunsa ba su da yawa: ya kira, ya amsa, ya ga jikokinsa, ya saurari karatu da labarai, ya kunna tocila idan an ɗauke wuta. Ta ina zan fara, kuma me ya kamata in taɓa, me ya kamata in ƙyale?

Mai gyaran waya daga Kano ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Irin wannan koke ina jin sa kusan kullum a shago, kuma kusan duk abin da ka lissafa yana gyaruwa daga cikin saitin wayar, ba sai an sauko da wata manhaja ba.

Kafin komai, ka bincika asusun Google na wane ne aka sa a wayar. Sau da yawa wanda ya buɗe ta a wurin saye yakan ƙirƙiri asusu cikin gaggawa, ko ya sa nasa, mai waya bai san sunan ba, bai san kalmar sirrin ba. Ranar da aka manta lambar buɗewa aka wanke wayar, Android za ta nemi wannan asusun kafin ta sake buɗewa, kuma a nan ne ake shan wahala. Ka buɗe wa Baba nasa, ka rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda ka adana, ka kuma danna *#06# ka kwafi lambar IMEI mai lambobi 15, wato lambar shaidar wayar, ka haɗa su da rasit da kwalin wayar.

Daga nan sai ka duba ƙasan fuskar wayar. Tun daga Android 10, wadda ta fito a 2019, wayoyi da yawa suna zuwa da tsarin da ake komawa baya ko a fita ta hanyar jan yatsa daga gefe ko daga ƙasa, wanda kuwa bai dace da mutumin da hannunsa ya saba da madannai ba, domin babu abin da idonsa zai gani ya danna. Ka mayar da wayar kan tsarin madannai uku na ƙasa, ka nuna masa cewa na tsakiyar nan shi ne hanyar gida: duk inda ya shiga ya rasa mafita, ya danna shi zai dawo farko. A ganina wannan gyara ɗaya ya fi duk sauran muhimmanci, saboda tsoron ɓata a cikin waya ne ke sa dattawa su ajiye ta.

Maganar alamomin da ke bin yatsansa tana da magani iri biyu. A cikin saiti akwai sashen da aka tanada domin masu larurar gani ko ji ko motsin hannu, wanda wayar ke kira Accessibility. A nan za ka sami wurin tsawaita lokacin da waya ke jira kafin ta ɗauki taɓawa a matsayin doguwar dannawa, gajere ko matsakaici ko dogo, sai ka zaɓi dogo. Sannan a saitin fuskar farko yawancin wayoyi suna da wurin kulle jerin alamomi, yadda ko ya riƙe alama ba za ta motsa ba. Amma kafin ka kulle, ka kwashe duk abin da ba ya buƙata, ka bar masa shafi ɗaya tak mai alamomi biyar ko shida, ka sa hoton bango mai launi ɗaya, domin hoto mai zane-zane yana haɗiye alamomin a idon da ya fara rauni. Idan wayar Samsung ce, a saitin fuska akwai abin da suke kira Easy mode, wanda ke ƙara girman alamomi da rubutu kuma ya tsawaita lokacin dannawa a tashi ɗaya, wasu kamfanonin ma suna da makamancinsa da wani suna.

Girman rubutu daban yake da girman abubuwan da ke kan fuska, kuma duka biyun za ka ƙara, ka kunna mai kauri. Android 14 ta 2023 tana bari a ƙara rubutu har ninki biyu. Lokacin ɗaukewar haske, wanda galibi yake zuwa a kan daƙiƙa 15 ko 30, ka mayar da shi minti biyu, ka kashe juyawar fuska da ke faruwa idan an karkata waya. Kiran da take yi a aljihu kuwa, ka kashe farkawa ta hanyar taɓawa sau biyu da farkawa idan an ɗaga ta, ka kunna kariyar aljihu idan tana da ita, ka saya mata riga mai murfi, ka kuma koya masa danna madannin gefe kafin ya ajiye.

Amsa kira ya danganta da irin wayar. A Samsung ana iya saita madannin ƙara sauti ya zama shi ne na amsawa. A sauran wayoyin Android akwai saitin da ke sa madannin kunnawa ya katse kira, amma amsawar sai an koyi jan alamar. Ka sani kuma, gilashin waya ba nauyin dannawa yake ji ba. Wani siririn lantarki ne ke kwance a jikinsa, fatar yatsa ce ke sauya shi idan ta taɓa, shi ya sa farce ba ya aiki, yatsa mai kanta ko wanda hunturu ya busar yakan taɓa wayar ta ƙi ji, ruwan alwala kuma yakan sa ta yi abin da ba a sa ta ba. Ya riƙa taɓawa da tsokar yatsa, a hankali, da busasshen hannu. Idan gilashin kariyar da aka liƙa mata mai kauri ne, a sauya shi. Akwai kuma alƙalami mai kan roba da ake sayarwa da araha, wanda mutumin da ya saba riƙe alƙalamin allo zai iya jin daɗinsa fiye da yatsa.

Gargaɗi ɗaya: a sashen nan na Accessibility akwai TalkBack, wadda aka yi domin makafi. Idan ta kunnu wayar za ta fara magana, kuma komai sai an taɓa shi sau biyu. A wayoyi da yawa riƙe madannan sauti biyu tare na daƙiƙa uku yana kunna ta ko ya kashe ta, don haka ka rufe wannan gajeriyar hanya, domin an sha kawo mini waya ana cewa ta lalace alhali wannan ne kawai.

Malamar firamare daga Zariya ta amsa:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, bayanin da ya gabata ya wadatar a kan saitin wayar, ni zan tsaya ne a kan data da WhatsApp, saboda a nan na fi shan fama lokacin da na saita wa mahaifiyata tata.

Datar ba Baba ne ya cinye ta ba. Sabuwar waya tana fara sabunta manhajojin da ta zo da su da zarar ta ga intanet, kuma wannan kaɗai yana iya lashe abin da ka saya. Ka shiga Play Store ka hana sabuntawa sai an sami Wi-Fi, ka kunna mai tsimin data da ke cikin saiti domin manhajoji su daina aiki a ɓoye, amma ka keɓe WhatsApp daga wannan hani don kada kira ya daina shigowa. A cikin WhatsApp ɗin kuma ka hana saukar hotuna da bidiyo kai tsaye. Mahaifiyata kwana biyu da buɗe mata aka jefa ta cikin zauruka huɗu, na dangi da na unguwa da na Islamiyya da na biki, kowane bidiyo da aka tura yana sauka da kansa, har ma'ajiyar wayar ta fara cika. A sashen sirri akwai wurin da za ka taƙaita waɗanda ke da ikon sa shi a zaure, da wurin da ke hana kiran baƙuwar lamba yin ƙara. Kiran bidiyo ya fi kiran murya cin data nesa ba kusa ba, saboda haka yana da kyau ku tsayar da lokacin da za a riƙa yin sa, kamar bayan isha'i.

Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta daidaita gajerun lambobi a dukkan layuka, abin da ya rage wa dattawa haddace-haddace: *310# domin duba kuɗi, *311# domin sa kati, *312# domin sayen data, *323# domin duba ragowarta, 300 kuma domin magana da kamfani. Na adana wa mahaifiyata na duba kuɗi da na duba data a cikin jerin sunaye kamar lambobin mutane, tana danna su kamar za ta kira wani. Ka kuma tura kalmar STOP zuwa 2442 daga layinsa, saƙonnin talla za su ragu, domin dattijo yakan ɗauki kowane saƙo da muhimmanci, wani lokaci ya amsa abin da zai riƙa zarar masa kuɗi.

WhatsApp yana da Hausa a cikin harsunansa, yana kuma da nasa wurin ƙara girman rubutu, amma gaskiyar magana mahaifiyata ba rubutu take bi ba, fuska take bi. Na sa wa kowane ɗa da jika hotonsa, na maƙale hirarraki uku da ta fi buƙata a saman jeri, na kuma fito da hoton kowannenmu a kan fuskar farko ta yadda taɓawa ɗaya take yi kira ya tafi. Kowa na ba shi sautin kira daban, tun wayar tana ɗaki ta san wanda ke nema. Saƙon murya shi ne ya zame mata wasiƙa. Matsalarta ta farko ita ce ɗaga yatsa tun ba ta gama magana ba, sai na koya mata jan alamar makirufo sama domin ta kulle, ta yi bayaninta a natse sannan ta tura.

Abin da nake roƙon ka kada ka jinkirta shi ne tsaro. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ka zaɓi lambobi shida da kai ma ka sani. Ka zaunar da Baba ka gaya masa da girmamawa cewa duk wanda ya kira yana neman lambobin da aka turo masa ta saƙo, ko lambar BVN, ko ta katin banki, ko da ya ce daga banki yake ko daga ofishin fansho, ya katse ya kira ka. 'Yan damfara sun fi samun galaba a kan mutanen kirki, waɗanda tarbiyyarsu ba ta yarda su katse wa mutum magana ba. Idan layin da ke haɗe da asusun bankinsa ne ka sa a babbar wayar, shawarata ita ce ka mayar da shi ƙaramar. WhatsApp zai ci gaba da aiki da wannan lambar ko da layin ba ya cikin wayar, muddin akwai data a wani layi, kuma ko an yi ƙwacen waya, Allah ya kiyaye, ba a tafi da hanyar shiga kuɗinsa ba.

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya amsa:

Wa'alaikumus salam warahmatullah. Yaya, abin da ya ja hankalina a tambayarka shi ne cewar da ka yi Baba yana karanta ajami, kuma ina ganin a nan mabuɗin yake. A wurinmu wayoyi da Faransanci suke zuwa, kakana ba ya jin ko kalma ɗaya, amma yanzu shi yake nemo sunayen da yake so da kansa. Abin da na yi shi ne na ƙara allon rubutun Larabci a Gboard, wato manhajar Google da ake rubutu da ita a waya, na sake rubuta masa sunayen mutanensa da baƙaƙen Larabci. Yawancin sunayenmu, irin su Ibrahim da Hadiza da Usman, daga Larabci muka same su, don haka ba su da wuyar rubutawa. Waɗanda yake kira da laƙabi kuwa, na ba shi takarda ya rubuta yadda ya saba, ni kuma na kwaikwaya gwargwadon abin da allon ya ba ni. Idan lambobin suna kan layi ko kan tsohuwar waya, ka kwashe su zuwa asusun Google tukuna, domin ajiyar kan layi ba ta ɗaukar hoto, kuma sunaye masu tsawo tana datse su.

A allon Hausa na Gboard ɗin ana samun ƙ da ɗ da ɓ, har da ƴ da muke rubutawa a Nijar a inda ku kuke sa 'y. Wannan zai fi amfanar ku masu tura masa saƙo, domin mai karanta boko a hankali yana tuntuɓe idan an rubuta masa kasa a maimakon ƙasa.

Manhajar Alƙur'ani kuwa a kula wajen zaɓen ta. Mafi yawansu da ruwayar Hafs suke buɗewa da rubutun gabas, alhali wanda ya yi makarantar allo a ƙasar Hausa da Warshu ya tashi, da rubutun da ake sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Har lissafin ayoyin ya bambanta, kuma shi da izifi da sumuni yake ƙirga karatunsa, ba da lambar shafi ba. Na fara sa wa kakana ta Hafs, ya duba ya ce idonsa bai zauna a kanta ba, sai da na samo mai Warshu sannan ya karɓa. Ka sauke masa sautin karatun gaba ɗaya a inda akwai Wi-Fi, domin ya riƙa saurare ba tare da data ba. Ka zaɓi wadda ba ta cika talla ba, saboda tallan da ke faɗowa a tsakiyar karatu, da ƙaramar alamar rufewa da yatsan dattijo ba ya iya kamawa, shi ne ke jefa su inda ba su nufa ba.

Idan za ka sa mai kiran salla, ka tabbata lokacin la'asar yana kan lissafin da Malikiyya ke bi, ba na Hanafiyya ba, wanda ya fi jinkiri, ka gwada lokutan da na masallacin unguwarku ka daidaita mintunan, ka kuma cire manhajar daga cikin waɗanda mai tsimin batir ke kashewa, in ba haka ba wata rana za ta yi shiru. Rediyo kuma, yawancin manyan wayoyi ba sa kama FM sai an sa abin sauraro na kunne mai igiya, domin igiyar ce eriya, wasu ma ba su da rediyon sam.

Tsohon ma'aikaci daga Katsina ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Yaro, Allah ya yi maka albarka. Ni shekaruna 68, kuma shekara uku da suka wuce ni ne a matsayin mahaifinka, don haka bari in yi magana daga wancan ɓangaren.

Duk shawarwarin nan masu kyau ne, amma kada ka ɗauki wayar ka tafi da ita ka dawo masa da ita a gyare. Ka zauna kusa da shi, wayar tana hannunsa, kana faɗa yana taɓawa. 'Ya'yana suna da ɗabi'ar karɓe wayar su yi abin cikin ƙiftawar ido su miƙo mini, ni kuwa ban ga komai ba, kuma nauyin sake tambaya yakan hana ni magana. Girman rubutu ma shi zai zaɓa. An taɓa kai mini nawa ƙarshe, sai kalma uku ta cika fuska, sunaye suka riƙa yankewa, na koma ina ja sama da ƙasa fiye da da.

Ban goyi bayan a kwashe komai har abada ba. A fara da kaɗan, na yarda, amma idan hannunsa ya faɗa a riƙa ƙara masa. Ni da amsa kira kawai na fara, yau ina duba saƙon shigar fanshona da kaina. Batun buɗewa da zanen yatsa kuma a gwada kafin a dogara da shi, domin ni nawa ya sha ƙin karɓa, musamman lokacin sanyi. Lambobi huɗu da zai iya riƙewa sun fi masa zanen da ake ja a kan ɗigo-ɗigo, amma kada su zama shekarar haihuwarsa. A rubuta lambar ɗaya daga cikinku ta riƙa fitowa a kan fuskar wayar ko tana kulle, saboda halin rashin lafiya a hanya. Tsohuwar wayarsa kuwa a bar masa abarsa, kada ya ji kamar an raba shi da abin da ya iya.

Ɗan Kurna ya sake rubutawa:

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Baba na Katsina, maganarka ta shige ni, domin abin da ka faɗa shi ne ainihin abin da nake yi: ina karɓa in gyara in miƙa. Ranar Asabar na je gida bayan la'asar muka zauna a zaure, wayar tana hannunsa har magariba.

Da na duba, asusun da ke kan wayar ba wanda ya san kalmar sirrinsa a cikinmu. Allah ya sa ba a kulle take ba, sai na cire shi daga cikin saiti na sa wanda na buɗe wa Baba. Na mayar da madannai uku, na tsawaita lokacin dannawa, na kulle jerin alamomi bayan mun bar guda shida da shi ya zaɓa. Rubutu bai yarda a kai shi ƙarshe ba, ya tsaya a mataki na biyu daga sama. Wayarsa ba ta da saitin amsa kira da madanni, saboda haka na koma bakin ƙofa na yi ta kiran sa da tawa, ya yi ta ja, fiye da sau goma, kuma abin da ya warware matsalar shi ne da na ce masa ya ja kamar yana share ƙura daga kan allo, ba danna ba. Sunaye 23 muka rubuta da baƙaƙen Larabci, shi yana faɗa mini inda na yi kuskure. Layin banki ya koma ƙaramar waya, wadda har yanzu da ita yake jin labaran safe.

Daren jiya ƙanwata ta kira ni tana cewa Baba ya kira ta da bidiyo da kansa, ya ga jaririn, ya yi masa addu'a, ko da yake rabin hirar silin ɗin ɗaki take gani saboda yadda ya riƙe wayar. Zan nemo masa ɗan abin jingina waya a kasuwa.

Saura abu ɗaya da nake neman ƙarin bayani a kansa, musamman daga Malam mai gyara. Baba yana ƙorafin cewa ƙarar kira ba ta kai ta tsohuwar wayarsa ba, duk da na kai ta ƙarshe, kuma kunnensa na hagu ya yi nauyi. Na ji ana iya sa fitilar bayan waya ta riƙa walƙiya idan kira ya shigo. A wane sashe ake kunna wannan, kuma rigar mai murfi da na saya masa ba za ta rage ƙarar ba?